Wanda Ya Gudu da Burodin Masar

"Wace rediyon? Ai biyu ne a unguwar nan, Malam Maharazu. Faɗa mini wadda ka ji."

Da zana Inna Adama take magana, don suruki ba ya shigowa tsakar gida. Yana can baya, ya dire akwatin kayan sa-rana da ya maido, wai ɗiyarsa ba za ta auri ɓarawo ba.

Ɓarawon kuwa Muntaka ne, autan Inna, mai karatu a Alƙahira. Kwana goma ke nan da gwamnatin can ta ƙara wa burodi kuɗi, jama'a suka cika tituna, nan gida kuma garin Zuru ya rabu biyu. Rediyon Fidelis mai kanti ta ce ɓarayi ne da ɗalibai 'yan iska suke fasa kantuna. Ta Mika, tsohon soja, ta ce yunwa ce ta fito da talakawa. Ta Mika tasha ɗaya take kamawa tun da maɓallinta ya karye a fagen yaƙi, batir ɗinta kuma a rana ake shanya shi, shi ya sa take jan murya kamar wadda ta kwana uku ba ta ga tuwo ba. Inna ta fi yarda da ita. Ta ce ita ce ta san abin da take faɗa.

Aka kira masu rediyon shaida, kowa ya zo rungume da tasa.

"Mama," in ji Fidelis, "mutum ya fasa kanti, shi ɓarawo ne. Ko Masar, ko nan Dabai."

"Kai da ko kaza ta leƙa kantinka ɓarauniya ce," in ji Mika. "Kunna mu ji."

Suka kunna. Ta Fidelis tana kiɗan goge. Ta Mika ta yi tari biyu ta mutu.

Sai ga takarda ta faɗo ta saman zana, yagen jaridar da Fidelis ya ƙunshe wa Maharazu sukari a ciki. Hoto ne: hayaƙi, taron mutane, a gaba wani dogon saurayi yana sheƙa gudu da faranti cike da burodi a ka, ƙafarsa ɗaya ba ta ma taɓa ƙasa ba.

Mika ya duba, ya sosa ƙeya. "Inna, kunnen dai nasa ne."

"Kunne na Muntaka," Fidelis ya tabbatar.

Inna ba ta iya karatu ba, amma ta san ƙafar da ta haifa. Ta lashe sukarin da ya maƙale a gefen takardar, ta nisantar da ita daga ido, ta daɗe tana kallo. Daga bayan zana aka yi wata magana ƙasa-ƙasa.

"Na ji ka," ta ce. "To ni ma ji ni. Damina uku Muntaka ya yi maka noman surukuta, ka taɓa ganin ya gama kunya ɗaya kafin azahar? Ranar da rumbunka ya kama wuta, wa ya tsaya neman takalminsa ɗaya har aka kashe ta? Wannan na hoto gudu yake, ga kaya a ka, ko burodi ɗaya bai zubar ba. In ba Muntaka ba ne, ɗauki akwatinka ka mayar gida. In kuwa shi ne, Malam, Masar ta gyara maka suruki kyauta, sai ka ƙaro mana zane biyu."