Ganyen Maraba

Ranar da aka ce Desriani ce za ta riƙe tasar ganyen sirih, ganyen da ake miƙa wa baƙo ya tauna, a rawar tarbar ɗan takarar shugaban ƙasa, har kuka ta yi don murna. Shekara uku tana rawa a layin baya a jami'arsu ta Padang, a ƙasar Indunusiya. Sai daga bisani ta gano dalilin zaɓar ta, murnar ta koma ciki.

Kamfanin manjan wannan ɗan takara, Pak Hendarto, shi ya cinye gonakin ƙauyensu, gonakin da uwa ke bar wa 'yarta tun kaka da kakanni. Kowa kuwa ya sani, in baƙo ya ɗauki ganye daga hannun 'yar gida, gidan ya karɓe shi ke nan. So ake a nuna a talabijin cewa rigima ta mutu.

Ranar taron, malamar rawa, Bu Ermawati, ta ja ta gefe tana gyara mata adon ka, ta ce shugaban jami'a ya rantse duk wanda ya kunyata shi yau ya bar makaranta, ko da shekarar ƙarshe yake. Desriani kuwa wata huɗu suka rage mata.

"Ki miƙa, ki yi murmushi, ki wuce, 'yar nan. Ganye ne fa kawai."

"To, Bu," in ji ta.

Aka buga ganguna a filin taro. Pak Hendarto na zaune da farar riga, yana ɗaga wa ɗalibai hannu, ɗaliban da rabinsu ƙunshin shinkafa da naman rendang ya kawo su. Can bakin ƙofar ƙarfe kuma matan ƙauyensu ne tsaye cikin rana, masu gadi sun hana su shiga. Desriani ta hango uwarta a cikinsu da tsohon mayafinta mai ruwan ƙasa.

Desriani ta tako a hankali yadda aka koya mata. Mai gabatarwa ya faɗi sunan ƙauyensu har sau biyu, wai don kada masu ɗaukar hoto su manta. Pak Hendarto ya miƙe, ya miƙo hannu, haƙora a waje.

Tsoro ya kama ta, amma haushi ya fi ƙarfi. Ta dube shi ido cikin ido, ta rufe tasar, ta wuce shi. Hannunsa ya tsaya a iska kamar mai tsayar da mota. Makaɗa ba su san me za su yi ba, suka ci gaba da kiɗa, ita kuma ta bi tsakiyar kujeru da takun rawa har ƙofa. Shugaban jami'a na ta kiran sunanta a lasifika, ko waiwaye.

Ta durƙusa, ta buɗe tasar. Uwarta ta zuro hannu ta tsakanin ƙarafa, ta ɗauki ganye, ta sa a baki, idonta cike da hawaye.

"Kin san sun kore ki ke nan," in ji uwar.

"Na sani, Amak."

"To miƙe bayanki, ki ɗaga kai. Hoto suke ɗauka."