Wasiƙar Ilham

Shekara goma ina aikin kamasho a tashar bakin boda ta Jibiya, biro a aljihun gaba, kowa yana kirana Malam Uwaisu. Gaskiyar magana ko baƙi ɗaya ban sani ba. In direban Maraɗi ya miƙo mini takarda, sai in yamutsa fuska in ce rana ta kashe mini ido.

Mutum ɗaya ce ta san sirrina, ɗiyata Ilham, mai shekara shida. A jikin motoci da kwalayen kaya ta koyi karatu, ba wanda ya zaunar da ita. Ita ke karanta mini saƙon waya a ɗaka, ta rubuta amsa.

A makaranta kuwa aji ɗaya aka ajiye ta, ana rera a, ba, ca. Takan gama aikin tun malama ba ta gama rubutawa a allo ba, sai ta shiga surutu, sai bulala. Ta fara cewa cikinta na ciwo kowace safiya. Na ce wannan ba zai yiwu ba, zan je a ƙara mata aji.

Hedimasta ya ce in kawo buƙatata a rubuce. Ni na faɗa, Ilham ta rubuta, tsaf.

Ranar da muka kai, sai na tarar da Kalilu a ofis. Abokin hamayyata ne a tasha, kuma shugaban iyayen yara. Hedimasta ya karanta wasiƙar, ya jinjina kai.

"Wa ya rubuta wagga?"

Amsar da za ta gama maganar tana bakina. Na dubi Kalilu, na hango yadda labarin zai zaga tasha kafin azahar.

"Ni na rubuta, ranka ya daɗe."

"To madalla. Sai mu gwada yarinyar." Ya miƙa wa Ilham fensir. "Rubuta mini inda gidanku yake."

Ta dubi wasiƙar da ke kan tebur, ta dube ni. Ta gane abin da ni ban ma kai ga ganewa ba: in ta yi rubutunta na gaskiya, za a ga hannu ɗaya ne. Sai ta damƙi fensir kamar mai riƙe muciya, ta yi wasu karkatattun layuka.

Kalilu ya yi dariya. "Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, amma wannan ba ta ɗauko uban ba. Malam Uwaisu, bar ta ta girma."

Hedimasta ya ce ta zauna ajinta. Na yi godiya, har da rusunawa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, don ba gaban kowa na ji ta ba sai gaban ɗiyata.

Mun kusa kai ƙofar aji ta ja hannun rigata, ta rage murya.

"Baba, kak ka damu. Ba su gane ba."

Ta shiga, ta zauna a benci na baya.