Ɗigo Uku a Gindin Tarmus

Ranar da aka sallame mu daga asibiti, bayan ɗana Mahbub ya yi kwana huɗu yana gudawa, malamar da ta duba shi ta tsayar da ni a bakin ƙofa ta ce kada ruwa ya ƙara shiga bakin yaron nan sai wanda aka tafasa. Watansa bakwai lokacin. A gida abin ba wuya. Amma ni wuni nake yi a shagon Tanti Uwale inda nake koyon ɗinki, kuma ba mai hura wuta tsakanin atamfofin mutane. Dole in tafasa ruwan da safe in tafi da shi, ya kai ni la'asar da zafinsa, in dama masa kunu, in fifita masa na sha.

Shi ya sa na shiga neman babban tarmus. A kasuwar Dakoro mai lita uku ya fi ƙarfina. Sai na gan shi a wani gurup na saye da sayarwa a WhatsApp: wata mata mai suna Azara, a Maradi, ta sa hotonsa ta rubuta, "Sabo fil, cikin kwalinsa, jikka tara." Muka yi magana, muryarta da hankali. Na tura mata kuɗin, ta ba Malam Yakubu, direban da ke jigila tsakanin Maradi da Dakoro, na je tasha na karɓo.

Ina isa gida na yi abin da innata ta koya mini tun ina ƙarama. Duk kwano ko tukunya da ta shigo ɗakin mace, sai an yi mata shaida kafin a taɓa ta, don ranar biki kayan unguwa duka wuri ɗaya suke haɗuwa. Na juya tarmus ɗin, na ja layi biyu da janfarce a gindinsa. Ko ruwa ban zuba ba tukuna.

Washegari na cika shi da ƙarfe bakwai. Kafin sha ɗaya na tsiyaya, ruwan ya yi sanyi kamar wanda aka bari a kofi. Tanti Uwale ta dafa jikin tarmus ɗin, ta janye hannu.

"Hamdiya, zafin da ya kamata ya zauna ciki, ga shi nan waje. Kwalbar ciki ta tsage. Wannan ai tulu kika sayo mai marfi."

Na kira Azara na faɗa mata. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce in ɗauko mata hotonsa ta kowane gefe. Na ɗauka na tura, har da gindin. Ba a jima ba ta kira.

"Haba Maman Mahbub! Kin raɗa masa suna, sannan ki ce in karɓa? Wa zan sayar wa da shaidarki a jiki?"

"Ƴar'uwa, ba shaidar ta fasa shi ba."

"Na ji. Amma yadda na aiko shi, haka zai dawo. In kin iya goge ta tas, mu yi magana."

Na so in yi gardama, na ga tana da tata gaskiyar. Ni na yi garaje. Na goya Mahbub, na samo kananzir da tsumma, na zauna bakin shago ina gurza. Janfarcen ya soma fita. Kusa da shi akwai wata ƴar takardar kamfani da aka manna, kananzir ya shiga ƙarƙashinta, ta ɗago da kanta. Na sa farce na ɓare ta.

Ɗigo uku ne a wurin, na koren fenti. Tsohon fenti, an ɗan kankare shi da wuƙa bai fita ba.

Tanti Uwale ta bar keken ɗinki ta zo ta leƙa. Ta tafa hannu.

"Sabo fil! Sabon da ya riga ki zuwa biki. Sa shi a gurup ɗin nan yanzu, kowa ya gani."

Na riƙe wayar, har na buɗe gurup ɗin. Mutum fiye da ɗari biyu ne a ciki. Na yi tunani: in na kunyata ta, za ta rufe lambata, a yi kwana biyu ana zaginta, ni kuma in tashi ba kuɗi ba ruwan zafi. Ba tonon silili na fito nema ba. Na tura mata hoton ita kaɗai, na rubuta: "Na goge tawa. Wannan fa, ta wace ce?"

Sai bayan azahar ta kira. Na ɗauka.

"Ta mahaifiyata ce," ta ce. "Cikin kayan ɗakina ya zo. Sau ɗaya ya fita, sunan ƙanwar mijina, da ya dawo na mayar da shi kwali. Wallahi ban san ya tsage ba. Takardar kam, ni na ɗauko ta daga gefe na rufe. In na ce ya taɓa fita, ba mai taya shi."

"Da kin faɗa mini, da na saya a haka, in dai yana riƙe zafi. Yarona ne bai da lafiya."

"Allah ya ba shi lafiya. Kin sa a gurup?"

"Ban sa ba."

Na ji ta sauke numfashi. Ta ce in aiko, idan ya iso za ta turo kuɗin. Na ce a'a, ta kai su tasha ta danƙa wa Malam Yakubu, shi kuma ya miƙa mata kwalin hannu da hannu. Kuɗin mota ni zan biya, tunda ni ma na yi nawa gangancin. Ta yi ƴar dariya ta ce, "Ke ba a yi miki sau biyu."

Kwana biyu ban je shago ba, na zauna gida kusa da murhu. Rana ta uku Malam Yakubu ya ba ni kuɗina ƙulle cikin leda, yana cewa tarmus ɗin nan ya fi shi sanin hanyar Maradi.

Daga tasha kasuwa na wuce. Mai lita biyu kuɗina suka kai. Na roƙi mai shagon ya bari a gwada, ya ce shi bai taɓa jin an gwada tarmus kamar takalmi ba, amma ya yarda. Mai shayin da ke gefensa ya cika mini shi da tafasasshen ruwa, na bar shi kan kantar shagon na tafi ɗinkina.

Da la'asar na dawo na buɗe. Tururi ya taso. Na ɗiga a bayan hannuna, na yarfe da sauri, sannan na biya. Mahbub ya soma ƙananan kuka a bayana, na ari kujerar mai shayi, na sauke shi, na dama masa kununsa da ruwan nan.