Kujerar Zance ta Gidan Larkmoor

Duk shekara in furannin azaliya suka buɗe, tsofaffin gidajen garin sai su buɗe ƙofa ga baƙi, Coy Pittman kuma ya ɗaura wa alfadarinsa keken ɗaukar mutane ya riƙa kwaso su daga bakin kogi. Bana ma haka aka yi, sai dai bana zuciyarsa tafasa take.

Budurwarsa Tansy aka zaɓa ta fito a matsayin uwargidan Larkmoor, gidan nan mai fararen ginshiƙai. An sa mata rigar mutanen da, mai buɗaɗɗen ƙasa kamar laima, an kuma ba ta mijin wasa, Whit Ellender, ɗan gidan lauya mai gashi a kwance. Wuni suke yi a falo kan kujerar zance, wadda aka lanƙwasa yadda mutum biyu za su zauna fuska na kallon fuska. Jar igiya ce ta raba su da 'yan kallo.

Coy bai taɓa shiga ya gani ba, amma baƙi ba su bar kunnensa ya huta ba.

"Kai, ma'auratan nan sun dace!" in ji wata tsohuwa 'yar jihar Ohio tana hawa keken.

"Ba aure ne da su ba, madam."

"To, ai gara su yi."

Alfadarin da bai ji ba bai gani ba shi ya sha tsawa.

Da yamma suna cin soyayyar tarwaɗa shi da Tansy, Coy ya kasa haƙuri.

"Wai me Whit yake raɗa miki ne duk yini?"

"Cewa yake kwalar rigarsa na shaƙe shi. Kai dai kishi zai kashe ka, direban jaki."

"Alfadari ne. Kuma zan zo in ji da kunnena."

Tansy ta ajiye cokali. "Ka san dokar Mis Odalie mai gidan. In na sa rigar nan ban san kowa ba a wannan zamani. Ko mamata ce ta shigo, baƙuwa ce."

"Ni ai za ki san ni."

"Kada ka gwada, Coy."

Ranar Asabar ya ɗaure alfadari a gindin bishiya, ya yanki tikiti kamar kowane baƙo. Ko tsayawa bai yi ba wajen Mista Ozell, wanda ke bayan gida yana faɗin sunayen bayin da suka gina shi. Falo ya nufa kai tsaye.

Ga su kuwa. Whit ya sunkuyo ya ce wani abu, Tansy ta rufe baki da mafici tana dariya, irin dariyar da Coy ya ɗauka tasa ce shi kaɗai. Ya yi tari. Ta ɗago, idonta ya bi ta kansa ya wuce kamar ginshiƙi ta gani.

Da Whit ya tashi nuna wa baƙi wani hoton bango, Coy ya tsallake igiyar ya faɗa mazauninsa. Kujerar ta yi ƙara.

"Tansy," ya ce a hankali, "gaya musu ko ni wane ne."

Ta kalle shi daga hula har takalmi, wuyanta ya yi ja. Sannan ta buɗe mafici.

"Maigida," ta ce wa Whit da muryar matan da, "wani bawan Allah ya shigo mana da takalmin barga. Ko ya ɓata hanya ne?"

Whit, ɗan banza, bai ko yi gargada ba. Ya kama kwalar Coy ya raka shi har ƙofa yana cewa, "Malam, matar nan tana da miji." Baƙi suka ɓarke da tafi, sun zaci shiri ne.

Yana tsaye a baranda kunnuwansa na zafi, sai ga Mis Odalie mai gidan tana dogara sanda.

"Yaro, kakar kakata ce ta kawo kujerar nan. Da ta karye, da a lambun can zan binne ka." Ta gyara tabarau. "Amma tunda nake ban taɓa jin tafi irin wannan ba. Gobe ka dawo. Kai ne manemin da aka ƙi."

Coy ya buɗe baki zai yi magana, Tansy ta leƙo ta taga, maficin ya rufe rabin fuskarta.

"Ka ce to," ta raɗa da muryarta ta gaske, "ko kuma kada ka ƙara taka ƙofar gidanmu."

Ya ce to.

Har furannin suka zube, kullum Coy sai ya tsallake igiya ya zauna gaban budurwarsa, ta ce ba ta san shi ba, Whit ya shaƙe shi ya fitar. Kuma ya lura kullum riƙon na Whit ƙara ƙarfi yake yi.