Ankon Saje

"Ta baya za ka ɗaga, Baban Hajar, ta baya! Gaban nasa ai lafiyarsa ƙalau."

Maigidana Habu yana tsaye a tsakiyar matakalar bene, hannuwansa cikin safar robar da nake wanke-wanke da ita. Ya zura tawul ta ƙarƙashin cikin kare ya kama bakin biyu, ya kawar da fuska gefe kamar mai yashe masai. Daga sama maƙwabcinmu Baba Alfred yana dafe da ƙarfen benen yana ba da umarni da Turanci, ni kuma daga ƙasa ina ba da nawa da Hausa. Karen da ake wannan hidima dominsa ya yi hamma.

"Zubaida, in wani ɗan masallacinmu ya wuce ya gan ni a haka, ke za ki yi masa bayani."

Bai rufe baki ba tawul ya zame. Kare ya zauna daɓas a kan ƙafarsa, ya ɗaga kai ya lashe masa gwiwar hannu. Salatin da Habu ya yi, na tabbata har a High Street an ji shi.

A shekarar 2006 ke nan, a unguwar Erdington da ke Birmingham. Gidan council ne, wato na ƙaramar hukuma, mai hawa biyu, mu a ƙasa, Baba Alfred a sama. Bature ne ɗan shekara tamanin da biyu, haifaffen Manchester, tsohon direban bas. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa ɗaya Rhoda tana aikin nas a can Manchester. Abokin zamansa shi ne Sergeant, wani ƙaton kare jinsin Alsatian da ya kusa kai ɗan maraƙi, mu kuma muna ce masa Saje. Shekara shida muna maƙwabtaka, kullum Habu ya hango shi sai ya tsallaka titi. Habu yana binciken karatunsa a uni, wato jami'a, ran Juma'a kuma wani lokaci shi ke kiran salla a wani ƙaramin masallaci a unguwar Sparkbrook. Ni ɗinki nake yi a falo.

A wannan bazarar ƙafafun Saje na baya suka mutu. Ranar da nake ba da labari, ƙara muka ji, muka fito muka tarar da dattijon ya faɗi a ƙoƙarin sauko da shi ya yi fitsari. Shi ya sa Habu ya shiga safa.

Washegari Baba Alfred ya ƙwanƙwasa mana ƙofa da wata takarda da ya yago daga mujallar likitan dabbobi. Hoton kare ne sanye da wata ɗamara mai zagaye ƙirji da ƙugu, da mariƙi a gadon baya kamar na jaka.

"Harness ake ce masa," in ji shi. "Ka kama nan ka ɗaga, shi kuma ya taka da na gaba. Likitan dabbobi ya ce daga Amurka za a kawo, sati shida." Ya yi dariya. "Ni kuwa GP, likitan nawa, bai yi mini alkawarin sati shida ba."

A nan muka ji cewa an ga wani abu a huhunsa. Rhoda tana son ta ɗauke shi ya koma wurinta, karen kuma a yi masa allura ya huta.

"Mrs Habu, muddin Sergeant yana sauka da kansa ya yi fitsari a waje kamar mai mutunci, ba wanda zai ce ya ƙare. Ranar da ya kasa, Rhoda ta ci. A rana ɗaya za a kwashe mu duka biyun."

Na dubi Habu. Habu ya dubi silin.

Na auna amare, na auna masu ciki, na auna matan da suke rantsuwa ƙugunsu bai ƙaru ba tun suna Kumasi, amma ban taɓa yin awo daga nesa ba sai ranar. Na tsaya a bakin ƙofa da biro, Baba Alfred ya durƙusa da tef ba tare da tabarau ba yana karanto mini lamba. Bisa lissafinsa, wuyan Saje ya fi ƙugunsa kauri sau biyu. Daga ƙarshe na ce bismillah, na karɓi tef ɗina na shiga. Karen ya ɗora haɓarsa a kan takalmina ya yi ajiyar zuciya, irin ta tsoffin da suka gaji da layin asibiti.

Habu ya samo bel na kujerar mota a inda ake kwance tsoffin motoci. Na yanko soso daga wani tsohon kushin. Allura uku na karya. Da muka gwada, ya ɗauki nauyin, sai dai bel ɗin yana gurje masa hammata, dole a lulluɓe shi da yadi mai laushi. Na zazzage buhun ƙyallaye, abin da ya fi yawa shi ne ragowar wata koriyar atamfa mai zanen makullai ruwan zinare. Na ɗinke tsaf. Hannu ya saba, ban ankara ba har ɗan aiki na yi masa a wuya.

Ai kuwa Saje ya sauko. Habu na riƙe da mariƙi, ƙafafun baya suna shafar ƙasa, na gaba suna taku ɗaya-ɗaya, har gindin fitilar titi. Baba Alfred ya cire hula ya tsaya ƙam har aka gama fitsarin.

Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba shi ne mai atamfar. Ankon bikin 'yar Hajiya Sherifatu ne, babbar mai kawo mini ɗinki, 'yar Ghana, macen da in ta yi magana a Sparkbrook ake ji a Erdington. Ran Asabar ɗin bikin, ita da mata goma suka biyo ta gidana a gyara musu ɗauri. Muka fito muka jeru a bus stop, mu goma sha biyu, kore shar, makullai na ƙyalli. Sai ga Habu ya karyo kwana da Saje, Baba Alfred na biye da sandarsa.

Na yi wa Habu alama da ido ya juya. Ya yi ƙoƙari, amma mai riƙe da baya ba shi ke zaɓar hanya ba. Saje ya jawo shi har tsakiyarmu, ya tsaya kusa da Hajiya Sherifatu, ya fuskanci titi kamar shi ma bas yake jira.

Duk muka zuba masa ido. Wata Baturiya mai tura keken jariri ta tsaya ta dafe ƙirji. "Oh, how lovely! Shi ma ɗan biki ne?"

Hajiya ta dubi zanenta, ta dubi kare, ta dube ni.

"Zubaida."

"Na'am, Hajiya."

"Wannan atamfar tun daga Accra na sa aka zo da ita. Na ce ba na son wadda kowa ke da ita a Birmingham."

"Hajiya, ragowa ce, wallahi ban…"

"Har da aiki a wuya! Ni ba ki yi mini aiki a wuya ba!"

Baba Alfred bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya ɗaga hula cikin ladabi ya ce mata, "Madam, kalar ta karɓe ku, ku duka biyun."

Wata daga baya ta fara ƙyalƙyalewa, sauran suka kama, har mai riƙe ciki. Hajiya kaɗai ba ta yi dariya ba, kuma sai da aka yi babbar salla kafin ta sake amsa gaisuwata. Da yamma na fassara wa dattijon abin da ta ce. Ya yi dariya har ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa. Da ya cire hankici daga baki ya yi sauri ya dunƙule shi, amma na riga na ga jinin.

Rhoda ta zo a satin da ya biyo, da shirin rigima. Ta tsaya a ƙasa hannu a harɗe tana kallo Habu ya sauko da Saje, ya kai shi gindin fitila, ya mayar da shi. Daga baya ta shiga waya da council da GP, aka fara turo nas-nas gida safe da yamma. Maganar allura ba ta sake tasowa ba.

Zuwa Oktoba Baba Alfred ya daina saukowa. Aka jawo masa kujera gaban taga. Habu ne ke fita da Saje kafin ya tafi uni da kuma bayan la'asar, ya zagaya da shi ta ƙarƙashin tagar don mai shi ya gani. Wata rana na lura safata ta dawo kicin.

"Tana sa hannu zamewa," in ji Habu. "Kuma na bincika. Mu 'yan Malikiyya ne, a wurinmu kare mai rai ba najasa ba ne."

"Shekara shida kana tsallaka titi, sai yanzu ka tuna da Malikiyya?"

"Ilimi ai a hankali yake zuwa, Zubaida."

Duk da haka ya ware wando guda na fita da Saje, yana rataye shi a bayan ƙofa.

Ran wata Laraba a Nuwamba, wajen ƙarfe uku da rabi, na hau da ɗan farfesun kaza marar yaji. Tuni an fara kunna fitilun titi. Baba Alfred ya rame har zoben aurensa ya koma babban yatsa. Cokali biyu ya sha ya ce ya ƙoshi, wai ya fi na asibiti amma kada in gaya wa Rhoda. Muka zuba ido a taga. Can ƙasa Habu na tafe da Saje a kan jiƙaƙƙen ganye.

"Mrs Habu, mijinki mutumin kirki ne," ya ce, muryar da ƙyar take fita. "Amma bai iya tuƙi ba. Dubi yadda ya ɗaga shi sama. Ya mayar mini da kare kamar budurwa a kan takalmi mai tsini. Gaya masa ya sassauta."

Na tura taga na leƙa. "Baban Hajar! Baba ya ce ka sauke shi kaɗan, ka ɗaga da yawa!"

"Ki ce masa ya sauko ya riƙe da kansa!" Habu ya amsa yana dariya, amma ya sauke.

Na juyo in fassara. Kansa ya jingina da kujera, idonsa a kan taga, bakinsa a ɗan buɗe kamar yana da sauran gyara. Na kira shi sau biyu. Sannan na ajiye kwanon a ƙasa na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, don ita ce kaɗai na sani.

A Manchester aka binne shi, kusa da matarsa. Rhoda ta ce ya bar wasiyya a zo da Sergeant. Na ce bari in lulluɓe masa rigar da baƙin yadi, ta ce a'a, babanta ya ce da kayan biki zai zo. Haka muka ɗauko babbar hanyar M6 a tsohuwar motarmu, Saje ya cinye kujerar baya shi kaɗai. A maƙabarta kowa baƙi wuluk, tsoffin direbobin bas da kwat ɗinsu, sai kore guda ɗaya a sahun gaba, da Habu a bayansa da hular zanna, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

Flat ɗin Rhoda a ƙasa yake, a wani layi bayan Wilmslow Road a Rusholme, babu matakala sai guda biyu. Ta ce za ta riƙe Saje iya kwanakin da suka rage masa, kuma ta riƙe, har ya ga farkon bazara. Ranar jana'izar dai Habu ya fi rabin awa a bakin ƙofarta yana koya mata riƙo: kada ta ɗaga da yawa, ta bar shi ya zaɓi fitilarsa, ta riƙa duba hammata. Ita da take juya majinyata kullum ta tsaya tana cewa to.

Muka kamo hanyar gida. Hita mai ɗumama mota na aiki, motar ta cika da warin jiƙaƙƙen kare. Wajen Stoke na kai hannu zan sauke gilashi.

"Bar shi," in ji Habu, idonsa a kan titi. "Akwai sanyi."

Na mayar da hannuna kan cinya. Ruwa ya ci gaba da sauka a gilashin gaba, waifa na share shi.