Tayoyi Masu Ɗigon Jan Fenti

A duk layinsu a Maamobi, motar Tijani ce kaɗai ke da tayoyin kirki. Na sauran direbobin sun suɗe kamar tafin hannu, amma kowa da takardar lafiyar mota manne a gilashi. Yadda ake yi ba sirri ba ne. In ranar kai mota wajen dubawa ta zo, sai mutum ya yi sammako gidan Tijani, ya gaishe shi har da tambayar ciwon ƙafar surukarsa, a kwance tayoyi huɗu a ɗaura masa. Kafin la'asar ya dawo da su, takarda ta samu. Tijani bai iya cewa a'a ba. Iyakar wayonsa shi ne ɗigon jan fenti da ya yi wa kowace taya don kada a musanya masa.

Sai ga tasa ranar ta zo. Shugabar wata makaranta a Kotobabi, wadda yake wa jigilar yara, ta ce in bai kawo sabuwar takarda ran Litinin ba za ta ba wani aikin. Ko a jikinsa. Ya canza birki, ya gyara fitilu, ya wanke motar har ƙarƙashinta, ya tafi yana jin kansa kamar ango.

Jami'in dubawa bai sami aibu ko ɗaya ba, sai da ya tsuguna gaban taya. Ya daɗe a nan. Da ya miƙe ya ce wannan jan ɗigon, mota tara ya gani da shi bana, kuma ya gaji da a mai da shi sakarai. Ya ce Tijani ya je ya mayar wa mai su, ya dawo da nasa na gaskiya.

Tijani ya rantse nasa ne. Jami'in ya ce duk taran ma haka suka rantse. Amma in mutum ɗaya zai zo ya ce a wurin Tijani ya ara, zai sa hannu nan take.

Tijani ya fara da Ishawu, maƙwabcinsa, wanda ya ara makon jiya.

"Kai ma ka sani, maigida," in ji Ishawu, "in na buɗe baki, su karɓe nawa takarda. Yi haƙuri, Allah zai gyara."

Na biyu ya ce yana can tashar Circle, na uku ya kashe waya. Wani ma cewa ya yi bai taɓa lura da tayoyin Tijani ba. Abin ya ci masa rai ƙwarai, don a gidansa suke shan shayi yayin da ake kwance musu.

Ran Litinin shugabar ta ba Ishawu aikin, tunda shi takardarsa sabuwa ce. Tijani na tsaye bakin kwata motar ta wuce cike da yara, suna ɗaga masa hannu ta taga. Bai iya ɗaga nasa ba. Idonsa na kan tayar baya ta motar Ishawu, wadda ta suɗe har wayar cikinta ta riga ta leƙo.