Takardun Ashana a Bangon Shagon Aski

Ɗan da ya jira ubansa ya kwanta asibiti sannan ya kwashe masa ajiya ɓarawo ne, ko da kuwa shi ne ɗan fari. Tsohon bai san an yi masa haka ba sai ranar da aka sallamo shi, da ya durƙusa gaban gadonsa yana jawo gwangwanayen biskit ɗaya bayan ɗaya. Duk ya ji su sakayau.

A cikinsu yake ajiye takardun kwalin ashana, 'yan zane-zanen nan da ake mannawa a bayan kwali a da. Tun yana saurayi a kamfanin ashana, inda ya yi aikin injin buga su har aka rufe kamfanin, yake tara su. Yakan jiƙa kwali a ruwan sanyi, ya jira takardar ta saki don kanta, ya ɗaga ta da bakin reza, ya shanya ta tsakanin fararen takardu. Gam bai taɓa kusantarsu ba.

"Auta, ina kayana?"

Autar 'ya'yansa ta ajiye ledar magani, ta kama gyara labulen da ba abin da ya same shi.

"Baba, ka sha maganin tukuna."

"Ba magani na tambaye ki ba."

"Yaya ne. Wallahi sai da na ce ya bari ka dawo."

"Ya sayar?"

"Bai sayar ba. Suna shagonsa."

Tsohon ya yi ajiyar zuciya. Abin da ba a sayar ba ai yana dawowa. Ya ɗauki gwangwani biyu, ya ƙi jin magiyar Auta, ya hau bas. Duk ramin da motar ta faɗa sai ɗinkin cikinsa ya amsa, amma bai saki gwangwanayen ba.

Shagon askin sabo ne, madubi ko'ina, ga kiɗa na tashi. Ɗan ya hango shi, ya kashe injin aski, ya washe baki.

"A'a, Baba da kansa. Ku ba tsoho kujera. Ka riga ni, ni da na so in kawo ka da mota."

Tsohon bai zauna ba. Bangon da ke fuskantar madubai yake kallo. Tun daga sama har ƙasa takardunsa ne, an manne su da gam, an bi su da man ƙyalli irin na kafinta. Ga zaki, ga jirgin ƙasa, ga ma'aikaciyar jinya riƙe da allura tana kiran iyaye rigakafi, ga manomi da littafi daga shekarun da aka yi ta koya wa manya karatu. An ɗora wasu kan wasu, rabin fuska ya shige ƙarƙashin tayar keke. Na can ƙasa kuwa gashin mutane ya manne musu.

Wani da ake yi wa aski ya ce ta cikin madubi, "Baba, ashe kai ne mai kayan? Kowa ya shigo sai ya ɗauki hoto. Amma zakin nan naku yunwa yake ji, haƙarƙarinsa duk a waje."

Aka yi dariya. Ɗan ya fi kowa.

"Shekara da shekaru suna ƙarƙashin gado, kyankyasai kaɗai ke kallo. Yanzu duniya na gani. Ni fa darajarka na ɗaga."

Tsohon ya matsa kusa. "Rubutun da ke ƙasan kowace fa? Sunan kamfani?"

"Na datse da almakashi. Yana ɓata tsari."

"Ba ni reza."

Tsohon ya zaɓi wata a tsakiya, mace ɗauke da fitila, wadda shi da hannunsa ya haɗa jan tawadarta. Ya sa bakin reza a kusurwa, a hankali, yadda ya saba. Takardar ta taso da fentin bango, ta tsage ta tsakiyar fuskar matar. Bai gwada ta biyu ba. Ya san ruwa ba zai ratsa man nan ba.

Ɗan ya rage murya. "Baba, takarda ce fa. Kuma likita ya ce kada ka tada hankalinka. Ni lokacin da aka shiga da kai tiyata, yadda na ga jikin, ban ɗauka..."

Tsohon ya juyo ya dube shi.

"Ƙarasa mana."

"Ba haka nake nufi ba."

"Ba ka ɗauka zan fito ba. To ai ba laifi, mai rabon gado ba ya son jinkiri. Ka yi haƙuri da na tashi."

Wani ya rage kiɗan. Mai maganar zaki ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa. Tsohon ya ajiye rezar a kan teburi, ya fita, bai yarda an raka shi ba.

Ɗan ya turo kawunnai, ya turo abokan uban, har matarsa ya turo da jariri a baya. Tsohon ya karɓi jikansa, ya sa masa albarka, ya mayar. Ya rayu shekaru bayan haka. Kullum ɗan yakan zo gaisuwa, a amsa masa daga bayan labule, amma har aka fitar da gawar tsohon ɗan bai sake taka cikin ɗakin nan ba.